Ƙauna Mai Tsada: Daga Girku Zuwa Kaltungo da Garuruwan Kutare



Akwai wasu ranaku biyu da ke maƙwabtaka da juna a kalanda, tsakaninsu bai kai mako uku ba. Ta farko ita ce Lahadin ƙarshe ta watan Janairu, ranar tunawa da masu fama da cutar kuturta ta duniya, wadda wani Bafaranshe mai suna Raoul Follereau ya assasa a 1954. Ta biyu kuwa ba sai mun gabatar da ita ba, 14 ga Fabrairu ce, ranar da ake kira ta masoya. Duk wanda ke zaune a nan GRA ya san yadda ta biyun take zuwa: jajayen kaya, motoci sun cika bakin gidajen cin abinci, wayoyi na ta ƙara. Ta farkon kuwa takan zo ta wuce ba a ko ji ɗuriyarta ba. Mun ga ya dace a wannan makon mu ɗan waiwayi tarihi, domin a ganinmu in ana neman inda kalmar ƙauna ta yi nauyi a ƙasar nan, ranar da aka manta da ita ta fi kusa da wurin.

Bari mu fara da harshenmu. Bahaushe yana da so, yana da soyayya, yana da bege, yana kuma da ƙauna. So shi ne abin da zuciya ta karkata gare shi, ko mutum ne ko tuwo ko doki, shi ya sa aka ce so hana ganin laifi. Ƙauna ta fi shi zurfi da natsuwa, ita ce tsakanin uwa da ɗa. Lokacin da Dokta Walter Miller da abokan aikinsa, ciki har da malamai Hausawa na Zariya, suka kammala fassarar Littafi Mai Tsarki da aka buga a 1932, kalmar ƙauna suka dogara da ita wajen fassara abin da Helenanci ke kira agape. Helenawa ma kamar mu suke, kalmominsu sun fi ɗaya: eros na sha'awa ne, filiya na abota, agape kuma ita ce wadda ba ta jiran a rama mata. Masana sun lura cewa kalmar eros ba ta fito ko sau ɗaya ba a Sabon Alkawari. Agape ce ta cika shi.

A koyarwar Kirista ana auna wannan ƙauna da abin da ta ci wa mai ita. Kiristoci sun yi imani cewa Yesu Almasihu ya ba da ransa ne a kan gicciye domin waɗanda ba su cancanta ba, kuma daga nan suke ɗaukar ma'auninsu. Mun sani 'yan uwa Musulmi da ke cikinmu suna girmama Annabi Isa, amma fahimtarsu game da gicciyen daban take, kuma ba muhawarar aƙida muka zo yi a wannan shafi ba. Abin da ke gabanmu tambaya ce ta tarihi: mutanen da suka riƙe wannan imani, da suka iso ƙasarmu, me ya sa su yi, kuma nawa ya ci musu?

A ranar 4 ga Disamba, 1893, wasu samari uku suka sauka daga jirgin ruwa a Legas. Walter Gowans ɗan asalin Sikotilan ne da ya girma a Kanada, Rowland Bingham haifaffen Ingila da shi ma ya yi ƙaura zuwa Kanada, sai Thomas Kent daga Amurka. Babu wanda ya kai shekara talatin a cikinsu, Bingham ma da ƙyar ya haura ashirin. Babu wata babbar ƙungiya da ta ɗauki nauyinsu, waɗanda suka nema duk sun ƙi. Burinsu su shiga yankin da Turawa ke kira Sudan a wancan zamani, wato har da ƙasar Hausa da Barno. Manyan 'yan mishan da suka tarar a Legas sun faɗa musu gaskiya cewa ba za su kai ba. Zazzaɓi ya kayar da Bingham, aka bar shi a bakin teku yana kula da saƙo da kayayyaki, sauran biyun suka nausa arewa. Kafin shekarar 1894 ta ƙare duka biyun sun kwanta dama: Gowans a Girku, kudu da Zariya, Kent kuma a Bida, 'yan makonni tsakani. Sai a 1897 ne ma aka tabbatar cewa sauro ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro, saboda haka sun shigo ne ba su san abokin gabarsu ba.

Ba su musuluntar ko kiristantar da kowa ba, ba su gina komai ba. In da lissafin kasuwa za a yi, asara ce tsagwaronta. Bingham ya koma Kanada ya je ya gaida mahaifiyar Gowans, Margaret, wadda tun farko ita ce ta cusa masa wannan tafiya. Yadda ya ba da labarin daga baya, matar ba ta nuna nadamar barin ɗanta ya tafi ba. Ya sake gwadawa a 1900, ciwo ya sake koro shi. Sai a karo na uku, a 1902, aka samu kafa tasha a Patigi a bakin Kwara. Daga nan ƙungiyar Sudan Interior Mission, wadda kowa ya sani da SIM, ta tsiro. Wani abin mamaki, a 1900 ɗin nan wata tawaga ta daban, ta mishan ɗin CMS ƙarƙashin Bishop Tugwell, bayan Sarkin Kano Alu ya sallame ta, a Girku ta yada zango, kuma a can ɗaya daga cikinsu, Claude Dudley Ryder, ya rasu. Miller da muka ambata a sama yana cikin wannan tawaga. Ƙauye ɗaya, kaburbura biyu, shekara shida tsakani.

A nan ya kamata mu tsaya mu yi adalci, domin labarin yakan fi haka daɗi a bakin masu wa'azi. Mutuwa kaɗai ba ta isa shaidar ƙauna ba. Sojojin Lugard ma sun mutu da zazzaɓi a wannan ƙasa, 'yan kasuwar kamfanin Neja ma haka, kuma ba wanda zai ce ƙaunarmu ta kawo su. Samarin nan uku ba su san Hausawa ba, ba su jin harshen sosai, hoton da ke kansu game da mu ma cike yake da kurakuran zamaninsu. Abin da za a iya cewa shi ne ba riba suka zo nema ba, ba mulki ba, kuma sun san hatsarin. Amma ƙaunar mutumin da ba ka taɓa gani ba abu ne mai sauƙi. Jarrabawar gaske tana zuwa ne ranar da ka gan shi, da warinsa da gyambonsa.

Mu matso gida. A 1917, shekara biyu kafin a dawo da hedikwatar masarautar Gombe daga Nafada zuwa Doma inda muke zaune yau, 'yan SIM biyu, John Hall da Gordon Beacham, suka isa Kaltungo a ƙasar Tangale. Babu hanyar mota mai kyau, babu jirgin ƙasa, wanda sai a farkon shekarun 1960 ya iso Gombe. Hall ya zauna shekaru yana koyon harshen Tangale daga bakin masu shi, yana rubuta al'adunsu, har aka fara buga sassan Littafi Mai Tsarki da harshen a wajejen 1920. Daga baya tasoshi suka bazu zuwa Tula, Billiri, Gelengu a ƙasar Waja, da Zambuk a ƙasar Tera. Kusan kowace tasha da abubuwa uku take tafe: ɗakin sujada, aji na koyon karatu, da ƙaramin ɗakin shan magani. Dattawanmu na kudancin jihar nan har yau suna tuna layin da ake yi da sassafe a bakin irin waɗannan ɗakuna, masu gyambo, masu ciwon ido, da waɗanda kububuwa ta sara.

Amma inda maganar ta fi nauyi shi ne wajen kuturta, kuma a nan za mu daɗe.

Matasanmu na yau ba su san yadda wannan cuta ta yi katutu a Arewa ba. A da, babu kasuwa ko ƙofar masallacin Juma'a da za ka je ba ka ga masu ita ba. Ya kamata a yaba wa kakanninmu a kan abu guda: ƙasar Hausa ba ta kore su zuwa daji ko tsibiri kamar yadda aka yi a wasu ƙasashe ba. Suna da unguwanninsu, suna da Sarkin Kutare a manyan birane, ana ba su sadaka, suna aure suna haihuwa. Har karin magana muke da shi, kuturu da kuɗinsa alkaki sai na ƙasan kwano. To amma sadaka daga nesa ake miƙa ta. Ana jefa kwabo a ƙoƙo a wuce. Ba a cin abinci kwano ɗaya da su, ba a son haɗa zuri'a da su, kuma babu wanda ya san maganin abin.

Ga Kirista kuwa, wannan cuta tana da matsayi na musamman, saboda Linjilar Markus tun a babinta na farko ta kawo labarin wani kuturu da ya zo wurin Yesu, shi kuma kafin ya warkar da shi sai da ya taɓa shi da hannu, abin da shari'ar Yahudawa ta lokacin ke ɗauka a matsayin ƙazantuwa. Taɓawar nan ita ce darasin da aka riƙe. Misalin da duniya ta fi sani shi ne Fada Damien, wani limamin Katolika ɗan Beljiyam, wanda a 1873 ya tafi tsibirin Molokai a Hawai inda gwamnati ke zubar da masu cutar. Ya yi shekara 16 tare da su, yana wanke miki, yana gina gidaje, yana haƙa kabari. Wata rana ruwan zafi ya zuba masa a ƙafa bai ji komai ba, nan ya gane ya kamu. Ya rasu a 1889 yana da shekara 49. A shekarar da ya isa tsibirin ne kuma wani likita ɗan Norwe, Armauer Hansen, ya gano ƙwayar da ke haddasa cutar, abin da ya rushe zancen cewa gado ce ko la'ana.

A Arewa, gwamnatin mulkin mallaka ta daɗe tana hana 'yan mishan shiga masarautun Musulmi, bisa alkawarin da Lugard ya yi wa sarakuna cewa ba za a taɓa addininsu ba. Kuturta ce ta buɗe ƙofar. Mishan ɗin 'yan uwa ta CBM ta riga ta buɗe garin kutare a Garkida tun 1929. A wajejen 1937, da hukumomin En'e suka ga aikin ya fi ƙarfinsu, sai aka miƙa wa SIM kula da garuruwan kutare na manyan larduna: Yadakunya a Kano zamanin Sarki Abdullahi Bayero, Babbar Ruga a Katsina zamanin Sarki Muhammadu Dikko, da Amanawa a Sakkwato. Mishan ɗin SUM ta karɓi Molai kusa da Maiduguri. Lardin Bauchi, wanda Gombe ke ƙarƙashinsa a lokacin, nasa yana Bayara. A ƙetaren iyaka ma, SIM ta buɗe asibitin Galmi a 1950, sannan ta kafa na kutare a Danja kusa da Maraɗi a tsakiyar shekarun 1950.

Sunan Yadakunya kaɗai ya isa wa'azi. Wuri ne da mutum zai yar da kunyarsa ya nuna jikinsa.

Mene ne aikin yau da kullum a irin waɗannan wurare? A shekarun farko maganin da ake da shi wani mai ne da ake tatsa daga 'ya'yan itacen Indiya, ana kiransa calmugra. Allurarsa ake yi a ƙarƙashin fata, wuri-wuri, mako bayan mako, shekara da shekaru, ga zafi ga kumburi, kuma warakar ba tabbas. Sauran aikin duk na hannu ne. Cutar jijiyoyi take kashewa, sai mutum ya daina jin zafi a hannu da ƙafa. Ya taka ƙaya bai sani ba, ya ɗauki tukunya daga wuta bai ji ba, mikin ya ruɓe, ƙashi ya lalace. Wani likita ɗan mishan a Indiya, Paul Brand, shi ya nuna wa duniya cewa yatsun ba cutar ce ke cinye su kai tsaye ba, raunukan da ba a ji ba ne. Saboda haka kowace safiya sai an zauna an jiƙa ƙafafu, an kankare mataccen nama, an wanke, an ɗaure. Gobe a sake. Babu wanda ke ɗaukar hoto, babu mai tafi. Sauƙi bai samu ba sai a ƙarshen shekarun 1940, lokacin da aka tabbatar da amfanin ƙwayar dafson, kuma wani babban ɓangare na wannan bincike a Najeriya aka yi shi, a Uzuakoli, ƙarƙashin Dokta John Lowe. Daga nan aka fara buɗe ƙananan wuraren karɓar ƙwaya a ƙauyuka, mutum ya sha magani yana gidansa.

Yanzu ga ɓangaren da ba a cika faɗa a coci ba. Wannan ƙauna ba ta zo ita kaɗai ba, da buri ta zo. 'Yan mishan ba su ɓoye cewa suna son majinyatan su karɓi Kiristanci ba, kuma wasiƙun da suke aikawa gida don neman gudunmawa cike suke da wannan lissafi. Sarakuna da malamai sun yi ta ƙorafi, musamman a kan yara. A wasu garuruwan ana raba jarirai da iyayensu masu cutar a kai su gidan reno don kada su kamu, wasu kuma a can suka tashi da addinin da ba na iyayensu ba. Ko da niyyar kare lafiya ce, uwar da aka ɗauke wa jariri ba za ta kira abin ƙauna ba. Sannan kuɗin gudanar da wuraren ba daga Toronto kaɗai yake zuwa ba, baitulmalin En'e ma yana zubawa, wato harajin talakawa Musulmi. Ga kuma bambancin launin fata: gidan Bature daban, albashinsa daban, kamar dai yadda aka tsara wannan unguwa tamu ta GRA tun asali domin a nisanta ma'aikatan Turawa da 'yan ƙasa. Mu da muka gaji inuwar itatuwansu bai kamata mu manta da dalilin shuka su nesa da gari ba.

Duk da haka, ra'ayinmu shi ne waɗannan laifuffuka ba su goge aikin ba. Mafi yawan waɗanda aka yi wa magani a Yadakunya da Amanawa da Babbar Ruga Musulmi suka shiga, Musulmi suka fita, kuma an wanke musu ƙafa kamar kowa. A koyarwar da su 'yan mishan suke ɗauke da ita, nan ne ma'aunin yake: me za ka yi wa wanda ba zai ba ka abin da kake so ba? Wanda ya ci gaba da ɗaure mikin tsohon da ya riga ya gaya masa shi ba zai bar sallarsa ba, ya ci jarrabawar. Wanda ya yi sanyi da ya ji haka, ya faɗi, ko da sunansa na jikin allon tunawa.

Abin da ya fi damunmu a wannan tarihi shi ne sunayen da suka ɓace. Littattafai sun riƙe Gowans da Bingham da Hall da Miller. Amma Bature ɗaya ko biyu ba za su iya yi wa ɗaruruwan mutane allura ba. Waɗanda suka yi aikin da hannunsu 'yan ƙasa ne: malaman asibiti, masu ɗaurin miki, unguwar zoma, masu dafa abinci, da yawansu ma tsofaffin majinyata ne da suka warke suka ƙi tafiya. 'Ya'yan Tangale da Waja da Tula da Dadiya da Cham da suka koyi karatu a tasoshin mishan sun bazu cikin Arewa suna wannan aiki da na bishara a kan albashin da bai taka kara ya karya ba. A 1948 aka kafa ƙungiyar 'yan mishan ta 'yan ƙasa wadda daga baya ta zama EMS, da baikon talakawa ake tura su, wani da kwanon dawa, wata da kaza. A 1954 aka kafa ECWA, a 1976 kuma SIM ta miƙa mata ragowar ayyukanta. Mai bishara da ya kai iyalinsa ƙauyen da babu rijiya, ya binne ɗa ko biyu a can, bai bar wasiƙa ko hoto ba. Shi ba shi da jirgin da zai mayar da shi gida hutu in ciwo ya kama shi.

Akwai wani misali a Linjilar Luka da Kiristoci suka sani tun suna yara, na mutumin da 'yan fashi suka yi wa rauni suka yar a hanya. Manyan addininsa biyu suka gan shi suka ratse, wanda ya tsaya ya ɗauke shi ya biya kuɗin jinyarsa kuwa Basamariye ne, daga mutanen da ake ƙyama. Abin lura a misalin, ba a ba wa ɗan gida matsayin gwarzo ba. Shi ya sa da labarin Liman Abubakar Abdullahi ya fito a watan Yunin 2018, Kiristoci da yawa suka ce sun gane shi. Wannan dattijo na ƙauyen Nghar Yelwa a ƙaramar hukumar Barikin Ladi ta jihar Filato ya ɓoye mutum 262 da ke gudun kisa, mafi yawansu Kiristoci, wasu a masallaci wasu a gidansa, ya tsaya a ƙofa ya ƙi miƙa su, alhali ya san ana iya kashe shi. Shi daga Alƙur'ani da tarbiyyarsa ya ɗauko dalilinsa, ba daga Luka ba. Mu a Gombe da muka ga abin da ya faru a Billiri a watan Fabrairun 2021, muka ga yadda maƙwabtan shekaru suka wayi gari suna tsoron juna, mun san irin wannan tsayuwa ba ta da araha.

Game da cutar kanta, tun farkon shekarun 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da haɗin magunguna da ke warkar da ita cikin wata 6 zuwa 12, kuma tun 1995 kyauta ake ba da shi. Najeriya ta kai matakin da hukumar ke kira kawar da ita a matsayin barazana ga jama'a a 1998, amma hakan ba ya nufin ta ƙare, har yanzu ana samun sababbin masu kamuwa duk shekara, ciki har da yara. Alamar farko tabo ne mai haske a fata wanda ba ya jin taɓi. Wanda ya fara shan magani ya daina yaɗa ta, kuma jikin mafi yawan mutane ma ba ya karɓarta. Abin da ke sa a makara har yatsu su lalace kunya ce da tsoron bakin mutane. A jiharmu asibitin Zambuk na karɓar masu wannan cuta da masu tarin fuka, ga kuma jami'an da ke kula da su a ƙananan hukumomi. Ma'aikatan lafiya suna roƙon a daina kiran mutum kuturu a ce mai fama da cutar kuturta. Mun yi amfani da tsohuwar kalmar a sama ne kawai saboda da ita tarihi ya san wuraren.

Muna da roƙo ga membobi. A cikinmu akwai waɗanda kakanninsu ko iyayensu suka yi aiki a ɗakunan shan magani na Kaltungo, Tula, Gelengu, Billiri ko Zambuk, ko aka tura su Bayara da Molai da Garkida, akwai kuma waɗanda nasu suka yi jinya a can. Duk mai tsohon hoto, katin asibiti, takardar shaidar aiki, ko labarin da ya ji daga bakin tsoho, Musulmi ne ko Kirista, ya kawo wa sakatare a taronmu na wata mai zuwa. Za mu ɗauki hoton takardun mu mayar wa mai su a ranar, kuma ba za mu wallafa sunan kowa ba sai da yardar iyalinsa.